Kujerun Yaya

Shekarata arba'in da tara, furfura ta cinye rabin gemuna, ina da shagon buga takardu da ma'aikata biyu, kuma ni ne sakataren ikilisiyarmu. Duk da haka akwai mutum ɗaya a duniya da bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. Ko a gaban ma'aikatana, ko ina tsakiyar karanta sanarwa a coci. Wana ne, ya girme ni da shekara huɗu. Tun ina rarrafe nake ce masa Yaya, sai mutane suka ɗauka a bakina, har ta kai Fasto ma Yaya yake ce masa, tsofaffin da suka yi goyonsa ma haka.

Likitoci suna da dogon suna ga yanayin da aka haife shi da shi. Na taɓa rubuta sunan a takarda na ajiye a aljihu, don in an tambaye ni in amsa kamar mai ilimi. Mama kuwa gajeren bayani take yi: "Allah bai yi gaggawa da shi ba." Yaya ba ya karatu. Ƙirgensa yakan kai goma sha biyu, daga nan ya koma bakwai. Magana gutsure-gutsure yake yinta, kalma uku ko huɗu, ya tsaya ya dube ka ya ga ko ta shiga. Da Mama ta rasu shekara shida da suka wuce, ya dawo gidana da akwati ɗaya da wani rediyo da ba ya kama tasha ko ɗaya, shuu kawai yake yi, shi kuma ya kasa kunne kamar ana labaran duniya.

Aikin Yaya a coci shi ne kujeru. Ba wanda ya naɗa shi, ba a taɓa rubuta shi cikin jerin ma'aikata ba, kuma ni na fi kowa sanin haka tunda ni nake buga jerin. Kujerun roba ne farare, ɗari da ashirin da 'yan kai. Kowace Lahadi da sassafe zai riga kowa zuwa ya jera su, bayan sujada ya tattara su a kusurwa don mata su share su goge ƙasa. Shekara ashirin yana wannan.

A idona kujerun duk ɗaya ne. A idonsa kowace da mai ita. Mai ɗigon shuɗin fenti a baya ta Mai Wanki ce, layi na biyu kusa da taga. Wadda aka ɗaure wa ƙafa da waya ta Tela ce. Mai hannu biyu mai faɗi ta Direba ce, wani tsoho da ya yi shekara talatin yana tuƙa manyan motoci kafin idonsa ya sa aka zaunar da shi. Yaya bai taɓa haɗa kujerar wani da ta wani ba.

Wannan ba damuwa ba ce. Damuwar tana zuwa ne bayan an tashi. Yaya zai tattara duk kujerun da aka zauna a kai, amma ta wanda bai zo ba, ba zai taɓa ta ba. Zai bar ta tsaye a tsakiyar zauren, ita kaɗai kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho, ya tsaya kusa da ita ya ce, "Tela bai zo ba." In ba a kula ba ya sake faɗa. Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma gajiya. Masu shara ba su da damar shara, ni mai mabuɗi ba ni da damar rufe ƙofa, har sai wani ya ce, "Zan je in duba shi." Sannan ya ɗauki kujerar ya ɗora a kan sauran. Kuma Lahadi mai zuwa zai tare wanda ya yi alkawarin a bakin ƙofa ya ce, "Ka je?"

Da Mama take raye, yawanci ita ke zuwa. Bayanta Direba ya gaji aikin. Ba shi da mata, 'yarsa ɗaya tana aure a nesa, ɗaki ɗaya yake haya a bayan wani gidan burodi, lokaci kuwa yana da shi har ya ba da aro. Da an tashi zai jingina da sandarsa ya ce, "Yaya, yau wa muka kama?"

"Tela."

"Tela kuma? Wannan ba ciwo yake ba, ɗinkin mutane ya riƙe yana ɓuya. Zan je in duba shi."

Lahadin farko bayan mun binne Mama, Yaya ya jera kujerarta kamar kullum. Aka tashi, ya tattara komai ya bar ta. "Mama ba ta zo ba," in ji shi. Duk wanda ke zauren ya sami abin kallo a ƙasa. Har ni, da digirina da komai, mabuɗin hannuna na zuba wa ido. Direba ne ya cire hularsa ya matso ya ce, "Yaya, wannan an riga mu zuwa. Yesu ya je ya duba ta, ya ce ta zauna wurinsa." Yaya ya daɗe yana juya maganar. Sannan ya sauke wani jeri gaba ɗaya, ya sa kujerar Mama a ƙasa, ya ɗora sauran a kanta. Bai sake fito da ita ba.

Na ba da wannan labari sau da yawa a wurin taro, murya tana ɗan rawa inda ya kamata. Abin da ban cika faɗa ba shi ne yawancin Lahadi haushi nake ji. Yunwa tana cina, rana ta take, mutum yana tsaye kusa da kujerar roba yana hana ikilisiya guda tafiya gida.

Sai ranar da na gayyato mai wata babbar makaranta. Ina neman aikin buga masa takardun jarrabawa, na ga ba laifi in ya ga irin mutuncin da nake da shi a gidan Ubangiji. Ya zo cikin kwat mai tsada yana ƙamshin turare, na rako shi gaba, na zaunar da shi a layi na biyu kusa da taga inda iska ke shigowa. Ana fara waƙar farko sai ga Yaya ya taho ta tsakiya, ya tsaya a gaban mutumin, ya riƙe bayan kujerar.

"Ta Mai Wanki ce."

Mutumin ya yi murmushi ya dube ni. Na ce a hankali, "Yaya, baƙo ne."

"Ta Mai Wanki ce, Auta."

Mai Wanki kanta, 'yar tsohuwa da sabulu ya gama cinye mata hannu, tana tsaye a baya tana cewa, "Bar shi, Yaya, ga wuri can." Ina. Yaya bai saki kujerar ba sai da mai makaranta ya miƙe. Ya tsaya da kwat ɗinsa a tsakiyar hanya har na kinkimo masa wata, Mai Wanki kuma ta zauna a tata tana sunne kai kamar ita ta yi laifin. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Kada a ce hasara ce ta tunzura ni. Aikin na samu, mutumin ma da dariya ya riƙa tuna abin, yana ce mini Auta duk sanda ya shigo shagona. Kunya ce tsagwaronta. Na kwana biyu ina tsaye gaban injin kwafi, takardu suna fita da ɗumi, ina ƙulla yadda zan yi.

A taron dattawa na gaba na kawo shawara a yi bencina. Dogaye, na katako, a kafe su a ƙasa da ƙusa. Kowa ya zauna inda ya samu, babu tawa babu taka. Don sanin wanda ya zo kuma, zan buga ƙananan katuna, kowa ya rubuta sunansa ya jefa a kwando, ni in tattara. Na nemo ayoyi biyu da suka yi maganar tsari na jingina shawarata a jikinsu. Duk sakataren da ya san aikinsa ya san inda ake ajiye irin waɗannan ayoyi. Kafinta, wanda shi ma dattijo ne, ya goyi bayana tun kafin in rufe baki.

Fasto ne kaɗai ya ce, "Yaya fa?"

"Yaya ya haura hamsin, Fasto," na ce. "Bayansa yana ciwo. Lokaci ya yi da za mu hutar da shi."

Gaskiya ce bayansa yana ciwo. Na lura cewa in mutum zai yi mugun abu da kyau, gaskiya yake nema ya naɗe shi da ita, ƙarya ba ta da ƙwari. Fasto ya ce, "To, kai ne ɗan'uwansa, kai ka san shi." Aka wuce magana ta gaba.

Ban faɗa wa Yaya ba. Na yi ta cewa gobe, har Kafinta ya gama. Ranar Lahadin muka isa da sassafe, na buɗe ƙofa, ga bencina goma sha shida suna warin sabon fenti. Yaya ya tsaya. Ya je kusurwar da ake tara kujeru ya tarar da tsintsiya kawai. Ya dawo ya kama benci ɗaya ya ja, bai motsa ba. Ya sake ja da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta fito.

"Yaya, an kafe shi. Yanzu ka huta. Ga sabon aiki na samo maka, mai sauƙi."

Na miƙa masa takardun tsarin sujada da na buga, na ce ya tsaya a ƙofa ya riƙa ba duk mai shigowa. Ya karɓa. Ya yi aikin ta hanyarsa: ba zai saki takarda ba sai ya dubi fuskar mutum ya kira shi, ya tambayi tarin da yake yi ko ɗan da ya ƙone a hannu. Layi ya taru har waje. Na zo na ce, "Yaya, miƙa kawai za ka yi, ba asibiti ba ne." Mako biyu ya yi, na uku ya ajiye takardun a kan benci ya koma gefen ƙofa ya tsaya hannu a baya.

Katunana kuwa suka yi albarka. Makon farko ɗari da goma sha takwas, na biyu ɗari da talatin. Na karanta a sanarwa, aka tafa. Sai daga baya na gane yara suna cika bibbiyu don daɗin riƙe biro, mata kuma suna rubuta wa maƙwabta da suka ce suna tafe. Amma a lokacin ina rufe coci minti goma bayan albarkar ƙarshe, in iso gida abinci bai huce ba. Na ce a raina ashe haka sauran Kirista suke jin daɗi.

Wata biyu bayan haka, muna cin abincin rana ranar Lahadi, Yaya ya ajiye cokali ya ce, "Direba bai zo ba."

"To, Yaya," na ce, na ci gaba da ci.

Lahadi ta gaba ya sake. "Auta. Direba bai zo ba."

"Ƙila ya tafi wurin 'yarsa."

Matata ta ce, "Baban yara, ka kira shi mana, me zai rage ka?" Na kira. Wayar a kashe. Na nuna mata fuskar wayar kamar shaida a kotu, na mayar aljihu, lamirina fes.

Lahadi ta uku Yaya bai taɓa abincin ba. Ya tashi ya ja kujera ɗaya daga teburin cin abinci, ya kai ta tsakiyar falo tsakanina da talabijin, ya tsaya kusa da ita.

"Direba bai zo ba."

Ana wasan ƙwallo. Na ce, "Yaya, matsa." Bai matsa ba. Na tashi na ɗauke kujerar da kaina na mayar wurinta, na ce, "Nan ba coci ba ne." Ya dube ni irin kallon da yake yi in yana jira ya ga ko magana ta shiga. Ya ga ba ta shiga ba. Ya wuce ɗakinsa, jim kaɗan na ji rediyo yana shuu.

Matata tana kwashe kwanuka ta ce, "Ni zan je ranar Talata in na taso aiki. Amma ka ji kunya."

"Na ji," na ce, idona a kan ƙwallo.

Ba ta kai ga zuwa ba. Ranar Litinin da hantsi ina yankan takardu a shago Fasto ya kira. Mai gidan burodin ne ya ji wari ya ɓalle ƙofar ɗakin. Direba yana da ciwon sukari. Ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya ce zai warke. Makon farko yana ɗingishi a ɗaki, na biyu ya kasa sa takalmi, na uku ya kasa kaiwa ƙofa. Wayarsa ta faɗa bokiti tun da daɗewa. A asibiti likita ya duba ya ce da an kawo shi mako biyu da suka wuce, da wanki da allura sun isa. Suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Na je ranar Alhamis da lemo a leda. Ɗakin gado takwas ne, fanka ɗaya tana juyawa kamar an tilasta mata. Direba yana gado na ƙarshe, ya rame, zanen da aka rufa masa ya kwanta shafal a inda bai kamata ba. Na yi ƙoƙari in dubi ko'ina ban da nan.

"A'a, Sakatare da kansa," ya ce. "Zauna. Faɗa mini, a takardarka na zo ko ban zo ba?"

"Baba, sannu. Yaya jikin?"

"Jiki ga shi, an rage masa kaya. Ta birki suka ɗauka, ka ga yanzu ba tsayawa." Ya yi dariya, tari ya tare shi. Na ba shi ruwa. Ya sha ya mayar da kai kan filo. "Ka san abin dariya? Makon farko da na ga ba zan iya fita ba, ban damu ba ko kaɗan. Na ce yau kujerata tana tsaye a tsakiyar coci, Yaya ya hana kowa sakat, kafin la'asar wani zai ƙwanƙwasa. Har shimfiɗa na gyara. Sai da rana ta faɗi na tuna an kawo benci."

Ba da zafi ya faɗa ba. Da ma da zafi ne, da na sami abin riƙewa.

"Ya faɗa mini, Baba," na ce. "Sau uku."

Ya dube ni na ɗan lokaci. "Ai na san zai faɗa. Faɗa ba ita ce aikin ba, ɗana. Kowa yana iya faɗa. Shi tsayawa yake yi." Ya miƙa hannu ya ɗauki lemo ɗaya ya juya shi. "Ka gaishe shi. Ka ce masa wannan karon ni aka kama."

Da aka sallame shi 'yarsa ta zo ta tafi da shi. Bai sake taka cocinmu ba, kuma ba na jin zai sake.

Lahadin da ta biyo baya Fasto ya yi wa'azi a kan makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya ɗaya. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, wanda ya nuna mini da ni yake. Ni na buga kan wa'azin a takardar sujada, kamar yadda na buga shi sau biyar ko shida a baya, har da hoton tunkiya. Ina zaune ina tunanin irin makiyayin da ni zan zama. Zan ƙirga, in ga casa'in da tara cikin ɗari, in rubuta "sakamako mai kyau ƙwarai", in rufe garke in tafi cin abinci. Shekara da shekaru ina ganin Allah ya ba ni Yaya ne don in koyi haƙuri, wato ni ɗalibi ne, shi kuma jarrabawa. Ban taɓa kawowa a raina cewa shi ne malamin ba, ni ne yaron da ke zaune a baya yana jiran a buga ƙararrawa.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, irin gyaran sakatare. Na je wurin dattawa na ce a dawo da kujeru. Kafinta ya ce ƙusoshin da ya kafa sai dai a fasa siminti. Kujerun kuma ni da kaina na sa hannu aka ba wata makarantar yara, saura goma sha ɗaya a sito da ba su karɓa ba saboda sun tsufa. Sai na koma wurin Yaya. Muna fitowa coci na ce da fara'a, "Yaya, yau wa muka kama?"

Ya dube ni. "Auta yana da takarda."

Mako na gaba na sake tambaya, amsar ɗaya ce. Ba fushi a ciki, Yaya bai iya riƙe fushi ba, ba shi da aljihun sa shi. An ce masa aikin ya koma hannun wani, shi kuma ya yarda. Wannan yardar ta fi zagi ciwo.

Sai wata Lahadi da safe na leƙa ɗakinsa na tarar bai yi wanka ba. Yana zaune bakin gado da rediyo a cinya.

"Yaya, za mu makara."

"Ba aiki," in ji shi.

Matata ta lallashe shi, ta fito da farar rigarsa ta goge, ya ƙi. Shekara hamsin da uku, ban da ranar da aka cire masa haƙori, bai taɓa fashin Lahadi ba. Muka tafi muka bar shi.

A coci na zuba ido in ga wa zai tambaya. Aka yi waƙa, aka yi wa'azi, aka jefa katuna a kwando. Mutane suka gaishe ni suka wuce. Ban ga laifinsu ba, shekara ashirin akwai mai lura a madadinsu, sai suka manta yadda ake yi. Da aka yi albarkar ƙarshe na ji mabuɗi a aljihuna yana nauyi. Na wuce sito, na ture tsofaffin ganguna, na zaro kujera ɗaya na kaɗe ƙura. Na kawo ta tsakiyar hanya, tsakanin bencina, na ajiye, na tsaya kusa da ita.

Ban san tsayuwa kusa da kujera tana da wuya haka ba. Mutane suna ratsewa ta gefe suna kallona. Kafinta ya ce, "Sakatare, bencin nawa ya cije ka ne?" Wasu suka yi dariya. Na buɗe baki, muryar ta fito siririya kamar ba tawa ba.

"Yaya bai zo ba."

Waɗanda ke kusa suka tsaya. Na sake faɗa, tunda na ga haka ake yi. Masu shara suka jingina tsintsiya. Fasto yana bakin ƙofa yana gaisawa da mutane, ya juyo. Sai Mai Wanki ta ɗaura ɗankwalinta da kyau ta ce, "Zan je in duba shi."

Na ɗauko ta a mota. A hanya har na fara jin daɗin kaina, ina tsara yadda zan ba da wannan labarin a taro. Mun tarar da Yaya inda muka bar shi. Mai Wanki ta zauna kusa da shi a bakin gado ta ce, "Yaya, ba ka zo ba, an aiko ni in duba ka. Lafiya?"

"Lafiya."

"Ƙanenka ya tsayar da coci guda saboda kai. Ya fito da kujera ya tsaya kusa da ita, ya hana mu shara."

Yaya ya rage shuu ɗin rediyo ya dube ni. "Wace kujera?"

"Taka mana," na ce. "Wadda aka ɗaure wa ƙafa da waya."

"Ta Tela ce."

"To, na yi kuskure. Taka wacce ce? In tana sito in fito da ita."

"Ba ni da."

Na ce, "Kamar yaya ba ka da ita?"

Mai Wanki ta dube ni kamar ta ga tabo a rigar da aka ce an wanke. "Haba, Sakatare. Yaya ai bai taɓa zama a coci ba. A tsaye yake gefen ƙofa tun farkon sujada har ƙarshe. Daga can ne ake ganin kowa."

Shekara ashirin. Ni ina gaba a teburin sakatare, fuskata tana kallon jama'a, ƙofar tana daidai saitin idona. Na san yawan kujerun, na san ranar da aka sayo su. Ban san wana bai taɓa jera wa kansa ɗaya ba.

Lahadi ta gaba ya yi wanka ya sa farar rigarsa, saboda Mai Wanki ta ce za ta jira shi a ƙofa. Yana zuwa har yanzu. Amma bai sake cewa wane bai zo ba, ko a coci ko a gida. Na daina buga katuna. Na bar wa mataimakina tebur, in na gama karanta sanarwa sai in koma baya in tsaya kusa da Yaya, hannu a baya, in dubi inda yake duba. Ƙeyoyi kawai nake gani, duk iri ɗaya. In an tashi ba na rufe ƙofa sai na kira sunan wani, kuma rabin lokaci mutumin yana tsaye a bayana.

Makon jiya na leƙa layi na huɗu na sunkuya na ce masa a hankali, "Yaya, kamar Tela bai zo ba."

Bai juyo ba. "Ya zo. Ya yi aski."

Ƙafafuna sukan fara ciwo tun wa'azi bai kai rabi ba. Ban faɗa masa ba.